Hannun Hagun Yatsu

A bayan shagon tela akwai wani ɗan ɗaki mara taga. Kafin mutum ya kai ƙofarsa sai ya ratsa tsakanin kekunan ɗinki, ya sunkuya ƙarƙashin rigunan da aka rataye. Nan ne situdiyon Yatsu. An manna wa bangon kwalayen ƙwai da guntayen katifa don kada ƙarar titi ta shigo, sai dai keken tela bai san da wannan doka ba. In za a ɗauki murya, Yatsu kan leƙo ya ce, "Tela, ɗan tsaya mana." Tela ya ce, "Ni kullum a tsaye nake saboda kai, ranar da masu kaya suka kama ni kai za ka ba su waƙa su saka." Duk da haka yakan tsaya, ya jawo almakashi ya kama yanka.

Yatsu shi ne auta a gidansu. Babansu mai gyaran rediyo ne, Allah ya jiƙansa, mutum mara yawan magana, kuma shi Yatsu ya biyo. Wansa kuwa, wanda kowa ke ce wa Yaya har da waɗanda suka girme shi, tun yana ƙarami bakinsa ba ya zama. In an aike shi da waƙa yake tafiya, in an doke shi kukan ma da kari yake fita. Wata rana wani ya kawo wa babansu ƙaramin fiyano mai batir gyara, ya tafi bai sake dawowa ba. Autan ya ja shi bayan kanta yana dannawa. Ba wanda ya koya masa. Duk abin da wansa ya rera sai ya lalubo shi a kan haƙoran fiyanon, har masu zuwa karɓar rediyo suka fara cewa, "Kai, yaron nan sai yatsu." Daga nan sunan ya kama shi.

Haka suka tashi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Yaya ya zama mawaƙin da ake kira wurin taro, ko buɗe shago, ko walimar wanda ya samu ƙarin girma. Yatsu ya zama mutumin da ke zaune bayansa. Babansu bai taɓa cewa yana son sana'ar ba, bai kuma taɓa hana su ba. Abin da ya ce kawai, kada su zagi kowa, kada kuma salla ta wuce su saboda kiɗa. Sun riƙe na farkon sosai, na biyun kuma suna bakin ƙoƙarinsu.

Fiyano ya bi fiyano, har aka zo kan wannan babban da ke kwance a teburin situdiyo. Babur ɗinsa Yatsu ya sayar ya saye shi. Ranar da aka sauke shi matarsa ta zagaya shi ta ce, "To, Baban yara, yanzu shi za ka riƙa hawa zuwa kasuwa?" Fiyano ne da kwamfuta a cikinsa, kowa inji yake ce masa, sai mutum biyu ke ɗaukarsa. A tsakiya yana da ɗan gilashi wanda ake taɓawa da yatsa ya amsa. Akwai ganga a ciki, akwai jita, da sarewa, da ƙaho, har da tafin mutanen da ba wanda ya taɓa ganinsu.

Aikin situdiyo da safe ne, kuma jerawa ake yi kamar mai ɗora bulo. Ya fara ajiye ganga a cikin injin, ya dawo ya ɗora jita mai kauri, ya sake dawowa ya ɗora sarewa, murya ce ƙarshe. In yatsa ya ɗan yi gaba ko baya, akwai inda zai danna injin ya jawo kiɗan ya daidaita shi. Masu zuwa kuwa iri-iri. Mai sabulu da ke son a ambaci sunan sabulunsa a kowane numfashi. Malaman makaranta da taken makarantarsu. Ango mai son rera wa amaryarsa waƙa alhali muryarsa kamar ana jan ƙofar ƙarfe, ya ce, "Ai an ce injin yana gyarawa." Yatsu ya cire abin kunne ya ce, "Yana miƙe karkatacce, amma ba ya ta da matacce." Sannan ya zauna da shi har azahar yana ɗinke masa muryar guntu-guntu, don Yatsu ba ya iya korar mutum.

A wurin taro kuwa babu jerawa, komai a take ne. Yakan raba haƙoran fiyanon gida biyu. Ɓangaren hagu ke riƙe da ganga da jita mai kauri: inda hannun hagu ya danna can za su bi, in ya ɗaga su dakata, in ya taɓa wani ɗan maɓalli su juya zuwa amshi. Hannun dama ado ne, shi ke sa sarewa da ƙaho. Mutane hannun dama suke kallo don shi ke tsalle-tsalle, amma waƙar a kan na hagu take zaune.

Dole ta zauna a kan hannu mai rai, domin Yaya bai taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Yana tsakiyar baiti zai hango wani da ya sani, ya bar baitin ya nufe shi, ya ja masa magana, ya dawo ta wata hanya. Wani lokaci ya tsaya cak ya bar taro su ƙarasa masa. Ba ya waiwayowa, ba ya ɗaga yatsa. Yatsu bayansa yake karantawa. In kafaɗa ta ɗago, numfashi zai ja, a jira shi. In dunduniyar dama ta fara bugun ƙasa, amshi ya kusa. In ƙeya ta karkata, to ya ga wani, sai a sassauta ganga a ba shi fili. Fuskar wansa a lokacin waƙa kam, Yatsu a hoto kawai ya san ta. Shekara da shekaru kenan, gashin ƙeyar nan ya yi furfura yana kallo.

Da maɓallin riga abin ya fara. Wata safiya Yatsu ya tsaya yana fama da na wuya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun hagu sun ƙi jin magana, kamar ya kwana a kansu. Ya yarfe hannun ya fita. Bayan 'yan makonni kofin shayi ya zame masa. Matarsa tana tsugune tana tsince fasassun ba ta ɗago ba ta ce, "Wannan hannun ba tun yau ba ne. Ina ganin yadda kake ɓoye shi a aljihu."

"Gajiya ce."

"Gajiyar da ta zaɓi hannu ɗaya? Gobe asibiti, ko ka tafi da ƙafarka ko in gaya wa Yaya ya kai ka."

"Ki cire Yaya daga ciki," in ji shi, da wata murya da ba ta saba ji ba.

Ya je. Likita ya matsa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce jijiya ce, an matse ta shekaru da yawa. Ya ba shi magani ya ce a hutar da hannun, wataƙila ya dawo, wataƙila ya tsaya a haka. Ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, sai ya cire tabarau ya goge.

Abin da ya hana Yatsu faɗa wa wansa ba ɓoyayye ba ne. Babban ɗan Yaya, wanda ake ce wa Manaja don shi ke karɓar waya da shirya mota, ya daɗe yana cewa mawaƙan yanzu da waya kaɗai suke zuwa taro, a jona ta da lasifika, an gama. Ba da raini yake faɗa ba, mutum ne mai iyali, kuma shi ke sauke injin nan da hawar da shi. Yaya kan ce, "Wayar za ta san lokacin da zan yi tari?" A yi dariya a bar maganar. To amma in aka ji hannun hagu ya mutu, me ya rage? Kujerar nan ta bayan Yaya ita ce abin da Yatsu ya sani a duniya. Ko a ransa bai iya kwatanta wani a kanta ba.

A situdiyo ba wanda ya gane. Sai ya riƙa yin aikin hagu da dama, ɗaya bayan ɗaya, injin yana daidaitawa. A nan dabarar ta zo masa. In zai iya ajiye kiɗan mai sabulu, me zai hana ya ajiye na Yaya? Ya zuba aikin hannun hagu gaba ɗaya a cikin injin, a wurin taro ya danna ya bar shi yana tafiya, ya ɗora hannun a kan haƙora don ganin mutane, dama ta yi adonta.

Ya riƙa kulle ƙofa bayan la'asar. Tela ya ƙwanƙwasa ya ce, "Kai kuma me kake dafawa a ciki ba ka sammana?" Ya ce gyara yake yi. Don ya san tsawon kowace waƙa sai ya buɗe tsofaffin ɗaukar da suka yi, ya auna a kansu: baiti ya kai nan, amshi ya shigo nan, ƙaho ya tashi nan. Aikin ya fita tsaf, ba ƙari ba ragi. Abin da bai tsaya ya tuna ba, mutumin da ke cikin ɗaukar nan Yaya ne mai baƙin gashi da faɗin ƙirji, kuma a ɗaki yake tsaye gaban makirfo, ba kowa gabansa sai kwalayen ƙwai. Ba wanda zai hango, ba inda zai karkata.

Fitar farko buɗe wani shago ne, a tsaitsaye. Yaya yana sauri, ya bi waƙoƙin a miƙe. A mota yana haki ya ce, "Auta, yau me ka sha? Kana ta gudu kamar an biyo ka."

"Zafi ne ya yi yawa, Yaya."

"To zafin a kaina za ka huce?"

'Yan amshinsu mata biyu da ke cikin motar suka yi dariya, Yatsu ya taya su. Ya koma ya ɗan rage wa injin gudu, ya ce a ransa an tsallake. Ya yi salla ya gode wa Allah, amma bai ji daɗin godiyar ba.

Na biyun sallamar wata shugabar makaranta ce da ta ajiye aiki. Da rana aka yi, a babban zaure mai fankoki a sama, wasu na juyawa wasu sun tsaya. An jera kujerun roba, manyan baƙi a gaba. Aka yi jawabai har mutane suka fara fifita da takardar shiri, sannan aka ba Yaya makirfo. Yatsu ya danna, ganga ta tashi, ya ɗora hannun hagu inda ya saba ɗorawa.

Baitin farko ya wuce lafiya. A tsakiyar na biyu ƙeyar Yaya ta karkata.

Yatsu ya bi inda ta nufa da ido. A ƙarshen layin gaba, a keken marasa lafiya, ga wani tsoho da bargo a cinya. Abokin babansu ne, mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shagonsu, wanda suke zaton ya daɗe da rasuwa. Ashe kawun shugabar ne. Yaya ya sauka daga dandamali yana jan waya, ya sassauta murya, ya durƙusa gaban tsohon. Ya fara rera masa cewa ga 'ya'yan abokinka sun tsufa, mai rediyo ya riga mu, Allah ya haskaka makwancinsa. Tsohon ya miƙo hannu zai dafa kansa.

Daidai nan injin ya kai inda aka auna masa. Ganga ta ninka, ƙaho ya barke da ƙarfi a kan addu'ar, kamar an buɗe ƙofar kasuwa. Ƙaramar 'yar amshi ta ji kiɗan amshi ta shiga, babbar ta riƙe mata hannu, ta yi shiru a rabin kalma. Yaya ya miƙe da sauri. Tunda yake bai taɓa bin kiɗa ba, kiɗa ke binsa, amma ya yi ta maza ya bi. Ya cusa kalmomi a guje, numfashi ya gaza, tari ya sarƙe shi a cikin makirfo, lasifika ta watsa shi ko'ina cikin zauren.

Maɓallin tsayarwa yana ɓangaren hagu. Yatsu ya kai masa hannun da ya saba kaiwa, yatsan ya sauka a kai ya lanƙwashe, bai dannu ba. Ya sake, ya zame. Dole ya ɗago dama ya tsallako da ita. A ɗan wannan tsakanin duk hannayensa biyu suna sama, kiɗa kuwa yana tafiya cike, ba abin da ya ragu. Wani a layi na biyu ya ce da ƙarfi, "Ashe abin da kansa yake yi!" Aka yi 'yar dariya. Manaja yana tsaye gefen lasifika, bai yi dariya ba. Hannun yake kallo.

Kiɗan ya mutu. Ba a jin komai sai fankoki. Yaya ya goge baki da hannun riga, kuma a karon farko a tsakiyar waƙa ya waiwayo. Bai harare shi ba. Ya dube shi kawai, ya juya, ya ɗauki waƙar daga inda aka yanke masa, ba ganga ba komai. Yatsu ya bi shi da sarewa da hannu ɗaya, siririya kamar zare a wannan babban zaure. Suka kai ƙarshe. Aka yi tafi irin na ladabi. Sauran waƙoƙin Yaya ya ce a bar su, ƙirjinsa ba daɗi.

A mota injin yana kwance a kan cinyoyinsu kamar kullum. Babbar 'yar amshi ta ce, "Ni dai na ce ko aljanun injin ne suka tashi." Ta gyara mayafi ta kama kallon titi.

Washegari da hantsi Yaya ya zo situdiyo shi kaɗai. Tela ya ɗaga ƙafa daga keke don gaisuwa, Yaya ya ce, "Ci gaba da aikinka, Tela, kada ka tsaya ko me ka ji." Ya shiga ya tura ƙofa, ya zauna a bencin masu jira. Ɗakin bai cika ɗaukar mutum biyu masu shekaru ba, gwiwoyinsu na kusan haɗuwa.

"Miƙo hannun."

Yatsu ya miƙa dama.

"Auta, kada ka maishe ni yaro."

Ya miƙa hagun. Yaya ya sa yatsunsa biyu a cikin tafin ya ce, "Matse." Ya matse. Yaya ya jira, sannan ya gane an riga an matse. Ya juya hannun yana duba inda naman ya faɗa tsakanin ƙasusuwa.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Matarka ta sani?"

"Ita ta sa ni zuwa asibiti."

"Tela fa?"

"Ina jin ya gane."

"To madalla. Ni kaɗai ne bare kenan." Ya saki hannun. "Ka zaunar da ni a gaban mutane ina tsere da inji. Ina yi wa Baba addu'a ka busa min ƙaho a ka. Da ka ce min Yaya hannuna ya gaji, cinye ka zan yi?"

"Cire ni za ka yi."

Yaya bai musa ba. Keken tela yana ta sukuwa a bayan ƙofa.

"Akwai wata hanya," in ji Yatsu da sauri. "Jiya na yi tunaninta. In yayyanka kiɗan guntu-guntu, kowane guntu ya riƙa zagayawa har sai na sallame shi. Akwai abin takawa da ake jonawa, ga shi nan. Ƙafata lafiyarta lau. Ka tsaya ka gani."

Yaya ya yi ajiyar zuciya ya miƙe, ya juya masa baya kamar yadda suka saba. Suka gwada. Baitin farko ya tafi, Yatsu ya taka, amshi ya shigo daidai. Na biyu ma haka, har ya ji ƙirjinsa ya fara buɗewa. A na uku Yaya ya lumshe ido, waƙar ta ɗauke shi, ya gangara wata murya ta ƙasa da ba ta cikin kowane guntu. Ba da gangan ya yi ba, haka Allah ya yi shi. Jita mai kauri ta ci gaba da zagayawa a inda aka bar ta, ta yi karo da muryar. Yatsu ya taka, abin da ya shigo ba shi ba ne. Ya sake takawa. Yaya ya yanke waƙar.

"Ni kaina ban san inda zan bi ba sai na isa," in ji shi, bai juyo ba. "Ina ƙafarka za ta sani?"

"Hannuna ai ya sani."

"Hannunka, i."

Ya koma benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sai a lokacin Yatsu ya ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa.

"Ba ni kaɗai ba ne, Auta. Ga matan nan biyu, ga yaron nan da iyalinsa, ga gidana, ga naka. In an sake yin irin ta jiya ba wanda zai ƙara kiranmu. Manaja ya san wani da ke kiɗa a otal, ya ce yana da hankali. Ban amsa masa ba, na ce sai na ga hannun da idona." Ya shafa kai. "Na gani."

Yatsu ya ce, "To."

"Situdiyo naka ne. Duk abin da zan ɗauka nan zan zo, ko da hannu ɗaya ne kai za ka yi min. Rabonka na fita kuma ba zai yanke ba, ina raye." Ya dubi teburin. "Sai dai injin. Kiɗanmu duk a cikinsa yake. Ranar fita sai ka ba su aro."

Wannan bai zo wa Yatsu a rai ba. Ya dubi injin, ya dubi wansa, ya sake cewa, "To."

"Ka daina ce min to kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ni ma nawa ya rage? Ai ka ji tarin jiya, duk gari sun ji." Ya sa hula ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa ya ɗan jima. A bakin ƙofa ya ce, "Tsohon nan ya aiko. Ya ce sarewar ta yi masa daɗi. Kurma ne, amma ya aiko."

Sabon makaɗin ya zo bayan kwana kaɗan. Magidanci ne mai tabarau, ya cire takalmi a ƙofa ya ce, "Baba, an ce in zo in koya." Da ya zauna gaban injin yatsunsa suka zuba kamar ruwa. Yatsu ya so ya samu abin kushewa bai samu ba. Ya nuna masa inda ya ajiye gangar kowace waƙa, da ƙahon da Yaya ke so da wanda ba ya so. Ya ce masa kada ya kalli gilashi, bayan mutumin zai kalla. Mai tabarau ya ce, "Baba, in ya karkata ban gane inda za shi ba fa?" Yatsu ya ce, "Ka rage ganga ka jira. Ba ya ɓata, yana dawowa." Suka yi ta haka har aka kira salla, suka fita tare.

Ranar fita ta zo a ƙarshen mako. Manaja ya shigo yana sunkuyar da kai ya ce, "Baba Ƙarami, mun zo." Yatsu da kansa ya zare wayoyin, ya naɗe kowace ya ɗaure. Suka kama injin, Manaja a gaba mai tabarau a baya, suka ratsa tsakanin kekunan ɗinki. "Ku kula da kusurwar nan, tana bugun ƙofa," in ji Yatsu. Ta bugi ƙofar. Bai fita bakin titi ba, daga ciki ya ji tashin motar.

Ya zauna gaban teburin da ba komai a kai. Can wata mata ta leƙo da 'yarta, suna son waƙar kammala karatu. Ya ce injin ya fita aiki, su dawo jibi. Matar ta ce, "Au, shi yake fita ya bar ka?" Tela ya yi gyaran murya ya tambaye ta ko tana da ɗinki. Yatsu ya kashe fitila, ya ja ƙofa, ya sa makulli da hannun dama. Ya yi la'asar a masallacin bakin titi, ya daɗe a zaune bayan an watse, sannan ya kama hanyar gida a ƙasa.

Matarsa tana tsakar gida tana ninke wanki. Ta ɗago ta gan shi a ƙofa, rigar da ke hannunta ta tsaya a sama. "Lafiya?" Sannan ta tuna, ta ce, "Au. Sannu da zuwa." Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganinsa da wannan lokaci a ƙarshen mako ba. A falo jikoki sun baje gaban talabijin, surukarsa tana kitso a ƙofar ɗaki da wata maƙwabciya, suka jawo mayafi suka gaishe shi, hirarsu ta yanke. Ya tsaya a tsakiya bai san inda zai nufa ba. Matarsa ta duba nan ta duba can, ta kwashe tulin wanki daga kan wata kujera ta jawo masa ita inuwa.

Ya zauna. Ta ci gaba da ninki. Da ta zo kan babban zanen gado sai ta miƙa masa gefe ɗaya ta ce, "Riƙe min nan, Baban yara." Ya kama da dama, ya tallafa da hagu. Ta ja baya, zanen ya miƙe tsakaninsu, kusurwar hagun ta zame ta faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta sake sa masa a hannu, ta naɗa masa ita a yatsu don kada ta kuma zamewa.